Babarbaren da Baba Ya Samo a Tarauni

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a shekarar da soja suka ce za su koma bariki, majiyyacin da ya fi ba ni wahala ba a asibiti yake ba. A gidanmu yake, a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano, yana zaune kan buzu a zaure yana yi wa rediyo gardama. Mahaifina ne, Malam Lawan, tsohon direban tanka, wanda kowa a layinmu ke kira Baba Lawan.

Hawan jini ne da shi. Cikin azumin da ya gabata hannunsa na hagu ya mutu wuni guda cur, bakinsa ya ɗan karkace, sannan Allah ya sa ciwon ya sake shi. Likitan da ya duba shi ya ja ni gefe ya ce, “Sista Uwani, na gaba idan ya zo ba zai tsaya a hannu ba. Ki raba shi da gishiri, ki raba shi da ɓacin rai.” Gishiri dai na ɓoye shi a ɗakina. Ɓacin rai kuwa ban san inda zan kai shi ba, don a gidanmu gado ne, ni ma na samu kasona har da ƙari.

Kullum da safe kafin in tafi aiki, da kuma la'asar idan na buɗe ɗan kemis ɗina na bakin titi, sai na ɗaura masa abin awo a damtse. Ɗari da saba'in, ɗari da tamanin. Magani yana sha, amma jinin nan ya ƙi sauka, kuma na san dalili. Malam Modu ne ya rasu.

Malam Modu Babarbare ne mai sayar da huluna, shekara talatin suna zagin juna da Baba. Shi Baba Bafulatani ne, a faɗarsa. Fillancinsa bai wuce gaisuwa ba, saniya kuwa idan ta juyo kansa shi ke fara shigewa gida, amma idan aka zo wasan Fulani da Barebari babu wanda ya kai shi riƙon al'ada. Kowa ya san wasan. Bafulatani ya ga Babarbare ya ce ga bawansa, Babarbare ya ce ƙarya ne, shi ne ubangida, a ƙwace goro, a ƙwace hula, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Tun da aka binne Modu, Baba ya rasa wanda zai zaga da izini. Sai ya koma zagin rediyo, ita kuma ba ta ramawa.

Wata Laraba a farkon watan Mayu ya dawo daga kasuwar Tarauni yana murmushi, da goro a bakinsa wanda ba ni na saya masa ba.

“Uwani, na samo Babarbare.”

“A ina, Baba?”

“Ga shi can gefen tashar 'yan acaɓa, yana gyaran babur. Sabon zuwa ne. Zanen nan nasu dogaye har uku a kunci. Na ce masa, ‘Kai bawa, yaushe aka kawo ka Kano ba a sanar da ubangidanka ba?’ Na ɗauke goronsa na jefa a baki. Da kin ga yadda ya haɗe rai, wallahi gwani ne.”

Na auna shi, ɗari da hamsin. Na kwance na sake ɗaurawa don ina zaton abin awon ne ya lalace. Ɗari da hamsin ɗin dai.

Washegari ɗari da arba'in da biyar. Rana ta uku ɗari da arba'in. Baba ya soma cinye tuwonsa mara gishiri ba tare da ya tambayi laifin da ya yi mini ba. Kullum da hantsi zai ɗauki sandarsa ya nufi Tarauni, ya dawo mini da rahoto. “Yau ya ce in bar masa wurin sana'a.” “Yau ya ce mini tsohon banza. Kin san Modu sai da muka shekara biyar kafin ya kai nan?” Na yi farin ciki irin wanda na daɗe ban yi ba.

Ranar Asabar da yamma wani mutum ya shigo kemis yana dafe da kai. Zai yi shekara arba'in, hannunsa duk baƙin mai. A kuncinsa na hagu akwai tabo uku dogaye, na dama kuwa sumul. Ya ce sunansa Ɗan'azumi, kansa ke sara kwana uku. Na auna shi na samu ɗari da casa'in.

Na ce, “Malam Ɗan'azumi, wannan zanen na gado ne?”

“Wane gado, Sista? Jaki ne ya kayar da ni kan waya mai ƙaya ina ɗan shekara goma sha biyu.”

Na tuna zanen da Baba ya siffanta mini. Na tambaye shi ko wani abu na damunsa kwanan nan.

“Wani tsoho ne ya sako ni gaba,” in ji shi. Ya dubi ƙofa, ya rage murya. “Ke ma'aikaciyar lafiya ce, zan gaya miki. Mu mutanen wani ƙauye ne can bayan Rano. Kakana sayo shi aka yi. Shekara nawa ke nan, amma har yau idan muka yi sa-in-sa da mutum sai ya tuna mana. Don kalmar nan na kwaso iyalina na taho birni, inda babu wanda ya san kakan wani. Ban cika wata biyu ba, sai ga tsoho da sanda ya zo har inda nake neman abinci ya kira ni da ita a gaban jama'a. Kullum fa, Sista. Ni abin da ke hana ni barci shi ne, wa ya gaya masa?”

Babu wanda ya gaya masa. Kuma Ɗan'azumi ba shi da yadda zai gane wasa ake yi, don Baba bai taɓa furta kalmar Babarbare a gabansa ba, ga Baban kuma baƙi wuluk, babu mai ganinsa ya ce Bafulatani ne.

Magana ɗaya ta ishe ni in kashe zancen a wurin. In ce mahaifina ne, kuskure ya yi, ka yi haƙuri. Amma sai na tuna bakin Baba a karkace, na tuna ɗari da arba'in. Na ce a raina bari ya ƙara sati ɗaya, jinin ya zauna sosai, sannan in gaya masa a hankali. Na ba Ɗan'azumi magani, na ce ya rage gishiri, ya kuma guji ɓacin rai. Na ji kunyar kaina, amma kunyar ba ta kai ta buɗe mini baki ba.

A makarantar koyon jinya an nuna mana wata 'yar tsoka da ke zaune a kan kowace ƙoda, ba ta kai ɓarin goro ba. Da zarar mutum ya ji an taɓa shi, ko an taɓa nasa, sai ta tsiyayo wani ruwa cikin jini wanda muke ce wa adirenalin. Zuciya ta hau gudu, baki ya bushe, jini ya bar ciki ya tafi hannu da ƙafa. An halicce ta ne don ranar da kura ta biyo mutum, kuma ba ta tsayawa tambayar shaidu. Yanzu kura ta yi wuya a Kano, sai tsokar ta koma aiki a kan maƙwabta. Na ci jarrabawar wannan darasi da maki mai kyau, har ina koya wa ɗalibai, ina kallon masu faɗa a titi ina tausaya musu rashin ilimi.

Lokacin kuma bai taimaka ba. An yi zaɓe, ana ƙirga kwanakin miƙa mulki, kowa ya gano cewa a mulkin farar hula sai kana da mutane ake sauraronka. Ƙungiyoyi suka yi ta tsiro. A layinmu Shamsuddeen, wani matashi mai neman kansila ya san da zamansa, ya kafa Ƙungiyar 'Yan Asalin Unguwa, shi da ubansa ya shigo Kano a bayan motar siminti. A tasha kuma 'yan acaɓa, waɗanda yawancinsu daga ƙauyuka suka zo, suka naɗa wani Ɗanliti shugaba saboda ya fi kowa murya. Ƙungiyoyin biyu suna da shugaba, suna da hatimi, abin yi ne kawai ba su da shi.

Baba ya samar musu. Ranar da ya cire wa Ɗan'azumi hula, mutumin ya miƙe tsaye da sufana a hannu, don da ita yake aiki. Shamsuddeen yana wucewa ya gani. Kafin azahar labari ya iso layinmu cewa baƙo ya ɗaga wa dattijon unguwa ƙarfe. Kafin la'asar an ce ƙarfen ya sauka, har wata maƙwabciya ta shigo yi mana jaje ta tarar da Baba yana shan fura. A tasha kuwa abin da aka ji shi ne 'yan gari sun yi taro sun ce duk baƙo bawa ne, sun kuma wakilta tsoho ya je ya sanar.

'Yan acaɓa suka daina shiga layinmu, sai su sauke mutum a bakin titi ko da buhu yake ɗauke. Matan layinmu suka daina sayar musu da shinkafa da wake. A masallaci sahu ya soma barin gurbi a tsakiya. Mutanen da suka shekara suna gaisawa suka fara lura cewa wancan ai tafiyarsa ma ta ƙauye ce, wannan kuma dama kallonsa na raini ne. Ni kuwa a kemis ina ta awo. Shamsuddeen ɗari da sittin, Ɗanliti ɗari da saba'in, liman ɗari da sittin da biyar. Baba ɗari da ashirin da biyar. A duk faɗin unguwa shi kaɗai ne lafiyayye, don babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa a kansa ake rikici.

Sau ɗaya na gwada. Na ce, “Baba, ka lura kuncinsa ɗaya ne ke da zane?”

“Wanzamin Barebari ne ai,” in ji shi. “Ya yi rabi ya tafi cin abinci.”

Na yi dariya, na ƙara wa kaina wani satin.

Ranar miƙa mulki Asabar ce, zafi kamar a bakin murhu. Kowa na manne da rediyo, ni kuma ba aiki ranar, na buɗe kemis tun safe. Baba ya sha farar babbar riga ya ce za shi Tarauni ya sanar da bawansa cewa mulkin farar hula ya zo, amma shi bai 'yanta kowa ba tukuna. Na buɗe baki zan hana shi, sai wata mata ta shigo da ƙuna a hannu, na ɗauko kwanon ƙarfe na wankin ciwo na hau wanke mata.

Ban gama naɗe mata hannu ba na ji ƙugin babura. Na leƙa. Ga Baba tafe a tsakiyar titi, da hular Ɗan'azumi ɗore a kan tasa. A bayansa ga Ɗan'azumi ba hula, idonsa jawur. A bayan Ɗan'azumi babura sun fi ashirin suna tafiya a hankali. Daga bakin layinmu kuma ga Shamsuddeen da mutanensa sun fito da sanduna da taɓarya. Baba yana ɗaga wa kowa hannu, ya ɗauka rakiya aka yi masa.

Na fito da kwano a hannu, kuma Allah ne shaidata, da niyyar faɗin gaskiya na fito. Na riga na shirya maganar. Sai Ɗanliti ya kashe babur ya nuna Baba da yatsa.

“Yau za a yi ta ta ƙare. Tsohon nan mara mutunci, idan 'ya'yansa sun kasa ɗaure shi a gida, mu za mu ɗaure shi.”

Na ji zuciyata ta hau gudu. Na ji bakina ya bushe, na ji jini ya cika mini hannu. Na san sunan kowane mataki da Turanci, na san tsokar da ke aikin, ina iya zana ta a allo. Duk wannan bai hana ni ba. Na ɗaga kwano na sauke wa Ɗanliti a goshi, ya yi ƙara kamar an buga ƙararrawar makaranta.

Ni na fara. Na faɗa, don har yau a unguwa kowane ɓangare cewa yake ɗayan ne.

Duwatsu suka tashi. Taɓarya ta samu fitilar babur, wani ya jefa bulo ya samu ɗan ƙungiyarsu, wani mai rake ya ga ana kwasar hajarsa ana duka da ita. A rediyon kemis ana karanta rantsuwa, babu mai ji. Wani dattijo yana cewa a bari, za a kira soja, wani ya amsa masa cewa soja sun tafi, yanzu dimokuraɗiyya ce. Mutum uku daga cikin 'yan Shamsuddeen suka yi kan Ɗan'azumi suka kai shi ƙasa.

Sai na ga Baba, mai shekara sittin da takwas, ya kutsa tsakiyarsu yana wulwula sanda.

“Kada wanda ya taɓa mini bawa! Nawa ne. Shamsuddeen, ka taɓa shi sai na fasa maka kai.”

Wannan ya rikita kowa. 'Yan unguwa sun ga wanda suka fito karewa yana dukansu. 'Yan acaɓa sun ga wanda suka zo ɗaurewa yana kare ɗan'uwansu, da kalmar da suka zo faɗa a kanta. Hannuwa suka tsaya a sama da duwatsu a ciki.

Baba yana haki ya ce, “Ku wane irin jahilai ne? Tsakanina da Babarbarena wa ya sa ku?”

Cikin 'yan kallo akwai Malam Kyari mai turare, Babarbare na gaske. Jin haka ya ture mutane ya matso, ya tsuguna gaban Ɗan'azumi ya zuba masa Barbarci mai tsawo. Ɗan'azumi ya dube shi, ya dubi Baba, ya share jini a leɓensa.

“Ni fa gabas ban taɓa wuce Wudil ba.”

Malam Kyari ya juya kuncin hagu, ya juya na dama, ya miƙe ya kakkaɓe riga. “Lawan, wannan ba namu ba ne. Wannan waya ce.”

Wasu suka fashe da dariya. Baba bai yi ba. Na ga murmushin da ya yi sati uku da shi ya bar fuskarsa.

Ɗan'azumi ya miƙe, sai a lokacin ya lura da ni a gefen Baba ina riƙe da hannun rigarsa. Ya daɗe yana kallona.

“Ashe 'yarsa ce ke, Sista. Kuma na zauna na gaya miki komai.”

Baba ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya cire hular mutumin daga kansa, ya riƙe ta da hannu biyu, ya durƙusa da farar rigarsa a kan titi, a gaban 'yan acaɓa da 'yan unguwa da mai rake.

“Malam, ban ma san sunanka ba. Wasa na ɗauka muke yi. Don Allah ka yafe mini.”

“Sunana Ɗan'azumi. Tashi, Baba, ka haife ni. Na yafe.” Ya karɓi hularsa ya sa. “Sai dai yarana an riga an sa musu suna a makaranta.”

Aka watse a hankali, kowa yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Kai biyar na ɗinke a ranar. Ɗanliti ne na farko a layi, ya ce tun da ni na fasa ni zan ɗinke, kuma ba zai yarda da ɗinkin fushi ba. Shamsuddeen ya zo na ƙarshe da ƙulu a ƙeya, wanda sandar Baba ta yi masa, yana tambayata ko za a iya rubutawa a takarda cewa baƙi ne suka yi.

Bayan la'asar na ɗauki abin awo na shiga zaure. Baba na zaune kan buzu, rediyo a kashe. Na san abin da rana irin wannan ke iya yi wa jijiyar kansa.

“Baba, kawo hannu.”

“Me Ɗan'azumi ya gaya miki?”

Na gaya masa. Ƙauyen, kakan, dalilin tasowarsu, da tambayar da ke hana mutumin barci. Baba ya runtse ido.

“Tun yaushe?”

“Sati uku.”

“Sati uku kina auna ni kina cewa madalla.”

“Jininka ne ya sauka, Baba. Likita ya ce idan ya sake tashi zan rasa ka. Tsoro na ji.”

“Na sani,” in ji shi, kuma ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi. “Amma da jinin wani kika saukar da nawa, Uwani.”

Ya ja hannun rigarsa ya rufe damtsensa.

Ɗan'azumi bai cika wata ba ya kwashe kayan aikinsa ya koma unguwar Darmanawa, ya canja wa yaransa makaranta. 'Yan acaɓa suka ci gaba da shiga layinmu, mata suka ci gaba da sayar da shinkafa da wake, ƙungiyoyin biyu suka samu wani abin faɗan a kan wurin ajiye babura.

Baba bai daina shan magani ba, bai daina yi mini magana ba, har tsokanata yana yi. Amma tun daga Litinin ɗin da ta biyo baya, sau biyu a sati yake hawa bas ya je asibitin da nake aiki, ya karɓi kati, ya bi layi tun sassafe tare da kowa, wata nas da ba ta san shi ba ta auna shi. Wani lokaci in wuce shi a baranda da fararen kayana, ya ɗaga mini sanda mu gaisa. A bakin abokan aiki nake jin nawa jininsa ya kai. Ya ƙara shekara shida a duniya, kuma har ya koma ga Allah bai sake miƙo mini hannunsa ba.